Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shokar Motar Injiniya

A makon jiya mun tsaya a inda Baba, maigidana da ya koya mini kanikanci, ya damƙa mini makullan garejinmu na wajen Ƙofar Ƙaura, saboda ciwon gwiwa ya hana shi kwanciya a ƙarƙashin mota. Amma bai daina zuwa ba. Da hantsi ya yi za ka gan shi a kan bencinsa a gindin bedi, carbi a hannu, idonsa na kan duk abin da muke taɓawa. A wannan tsakanin ne aikin da zan ba ku labarinsa yau ya zo mini.

Wani injiniya ɗan Daura da ke aiki a Abuja ne ya shigo da wata 'yar mota ja, kujera biyu, rufin tamfol, fitilunta na gaba suna ɗagowa daga cikin bonet. Yaran gareji duk suka bar aikinsu suka zagaye ta. Mazda MX-5 ce, ƙirar farko, wadda Japan ta fara fitarwa a 1989. Injinta 1.6 ne a gaba, tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuwa bai cika tan ɗaya ba. Ta Kwatano ya sayo ta. Da na danna bayanta da hannu na saki, sai da ta yi ta lilo kafin ta tsaya, na leƙa na ga mai ya jiƙe jikin shoka har ƙura ta daskare a kai.

Abu biyu yake so daga mota ɗaya. Yana so ya bar ta a Katsina, in ya zo hutu ya hau ta zuwa Daura gaida mahaifiyarsa. Yana kuma so jefi-jefi a ɗora ta a babbar mota a kai ta filin tseren motoci na Evbuobanosa da ke jihar Edo, ya sake mata giya inda babu babur, babu akuya. Don haka ya ce shoka mai juyawa yake nema, wadda zai sassauta don hanya, ya ɗaure don fili. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini waɗanda ya tara: Koni, Bilstein, KW, Öhlins, sai kuma wata mai araha da ta fi ɗaukar hankalinsa saboda an rubuta tana da mataki 32.

Baba ya ce a miƙo masa gwangwanin da ke ƙarƙashin teburin kaya. A ciki akwai kayan cikin tsohuwar shokar Fijo 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, ya kwance ta tun ina yaro. Ya zazzage su a kan cinyarsa: fistin mai ƙananan ramuka, da wasu faifan ƙarfe sirara ƙwarai, an jera su babba a ƙasa ƙarami a sama. Ya ɗauki ɗaya ya lanƙwasa da babban yatsa, ya saki ya koma daidai.

"Injiniya, mi ka gani a nan?"

"Ƙarfe na gani, Baba."

"To, motarka ke nan. Abin juyawar da kake ƙirgawa bai isa nan ba."

Bari in warware muku abin da Baba ya dunƙule, don a kansa duk zaɓin ya rataya. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shoka ba ta ɗaukar kaya, aikinta ta tsawata wa sifirin kada ya yi ta tsalle, kuma tana yin haka ne ta hanyar tilasta wa mai ya bi ta ƙananan ramuka. Tana aiki ta fuska biyu, lokacin da taya ta hau abu shoka ta matse, da lokacin da sifirin ke mayar da taya ƙasa shoka ta miƙe. In motsin a hankali ne, kamar sanda mota ta kwanta gefe a kwana ko ta duƙa da ka taka birki, man yana bi ta wata 'yar kafa ce, kuma a yawancin shoka wannan kafar ce abin juyawa yake ƙuntatawa ko buɗewa. In kuwa taya ta faɗa rami, motsin na farat ɗaya ne, kafar ba ta isa, dole man ya ture waɗancan faifan ya wuce. Su kuwa tun daga masana'anta aka jera su. In an jera su da kyau, mota za ta tsaya da ƙafarta a kwana, ta kuma haɗiye rami. In an jera su da ganganci, ko mataki ɗari aka ba ka, sai dai ka zaɓa tsakanin mota mai lilo da mota mai dukan ƙugu.

A ƙaramar mota abin ya fi tsanani. Taya da rim da birki suna ƙasan sifirin, gangar jikin mota tana sama tana danne su. Babbar mota tana da nauyin da za ta danne. Wadda ba ta kai tan ɗaya ba, in ka sa mata shoka mai tauri, taya na dukan tudu sai gangar jikin gaba ɗaya ta tashi maimakon shoka ta matse, tayar ta rabu da kwalta. Tayar da ke iska kuwa ba ta birki, ba ta kwana. Kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki. Mutane da yawa suna ɗauka tauri shi ne gudu, har a cikin kanikawa 'yan uwana, kuma wannan fahimtar ta jefa motoci a rami fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma wani hali na wannan ƙirar ta MX-5 da na gani da idona bayan mun ɗaga ta a jak: tazarar da shokar baya ke da ita kafin ta kai ga robar tsayawa kaɗan ce. Injiniya yana son a sauke motar ƙasa sosai don ta yi kyau a hoto. Na ce masa in muka yi haka, a kan roba zai riƙa tafiya, shokar da ya kashe wa dala ba za ta sami wurin yin aiki ba. Ban da tudun rage gudu da ke bakin kusan kowane gari a hanyarmu, wanda zai riƙa kankare mata ciki.

Daga nan muka bi shokokin da ya tara ɗaya bayan ɗaya. Mai mataki 32 ɗin ban daɗe a kanta ba. Na taɓa kwance irinta daga motar wani, na dama da ta hagu suna kan mataki ɗaya amma ƙarfinsu ya bambanta a hannu. Öhlins ta Suwidin, wadda suke kira Road & Track, don irin buƙatarsa aka yi ta, kuma ban ga abin kushewa a aikinta ba. Damuwata ita ce gobe. Irin wannan shoka tana son a riƙa buɗe ta lokaci-lokaci a sauya mai da robobi a sake cika ta da iskar naitirojin, aikin da ke buƙatar kayan da ba mu da su a nan. Ƙurar hunturu da zafin bazararmu kuwa ba sa tausaya wa robar shoka. KW ta Jamus, samfurin Variant 3, tana da wurin juyawa biyu, na matsewa daban na miƙewa daban. Ga wanda yake kwana a filin tsere wannan ni'ima ce. Ga wanda zai je sau ƙalilan a shekara, ba shi da lokacin da zai gano wane ne a cikin biyun ya gyara masa mota, wane ne ya ɓata.

Sai aka bar mu da Bilstein da Koni. Bilstein bututu ɗaya ce, fistin na goga jikin bututun waje kai tsaye, iskar gas mai ƙarfi tana danne man kada ya yi kumfa. Tana saurin fitar da zafi, abin da fili ke so ke nan. Amma in dutse ya lotsa jikinta, fistin ya sami cikas. Koni Sport ta Holan, mai launin rawaya, bututu biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, na waje yana kare na ciki. Miƙewa kawai ake juyawa a jikinta, kuma tana zama da sifirin motar na asali. Na gaya wa Injiniya gaskiya, in ya daɗe yana zagaye fili ba hutu, Koni za ta riga Bilstein gajiya. Amma kwanakin motar nan kusan duk a hanyar Daura za ta yi su, ni Koni zan sa.

Ya yi shiru, ya dubi Baba. Baba ya ce, "Yaron nan ya gaya maka. Ka ɗauka."

Da kayan suka iso muka haɗa da sababbin robobin tsayawa da rigar ƙura, muka bar tsayin motar kusan yadda Mazda ta yi ta. Ban ɗaure notukan bushin ba sai da muka sauke ta nauyinta ya hau kan tayoyi, don in ka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Aka yi mata alaimen. Na auna iskar taya na tarar mai faci ya dura mata fiye da 40, alhali takardar da ke jikin motar 26 ta ce. Rage wannan iskar kaɗai ya sauya tafiyarta kafin mu taɓa komai.

Koni ba ta yin ƙas-ƙas na ƙirga mataki in ana juya ta. Wani farin murfin roba ne ake ɗorawa a kan shokar a murɗa, na gaba ta cikin bonet, na baya ta cikin but. Muka mayar da duka huɗun can ƙarshen laushi, muka ƙara rabin zagaye, muka kama hanyar Daura da sassafe, shi ke tuƙi ina gefe. Tun kafin mu fita gari na roƙe shi kada ya gwada gudu a hanyar jama'a, ya kuma ji. Motar ta zauna lafiya. Bayan mun wuce Mashi ya tsaya ya ce yana so ya ji ƙarshen taurinta. Ya murɗe su duka. Muna shiga wani wuri mai gargada sai bayan motar ya fara sauka ƙasa, saboda sifirin bai gama miƙewa daga tudu na farko ba na biyu ya sake matse shi, har ta hau roba. A 'yar kwana mai sauƙi, a gudun da ko Fijo ba za ta ji ba, bayanta ya yi tsalle gefe. Na ga yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari. Bai ce komai ba, ya gangara gefen hanya, ya buɗe but da kansa ya karɓi farin murfin daga hannuna.

A Daura, bayan mun gaida Hajiya mun ci tuwo, na sa ya samo ƙaramin littafi. Muka rubuta saitin hanya a shafin farko: rabin zagaye gaba, rabin zagaye baya, iska 26. Na ce in ya je fili ya fara daga nan, ya riƙa ƙara kwata-kwata, gaba daban baya daban, kada ya taɓa abu biyu lokaci ɗaya, duk abin da ya ji ya rubuta. In ya ji motar ta fara tsalle a inda da take kwanciya, ya wuce wuri, ya koma baya. Kafin ya sake hawa kwaltar jama'a kuma ya mayar da ita shafin farko.

Ya rufe littafin ya ce, "Malam, ai ba ni kaɗai zan je Edo ba. Da kai za mu."

Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba a lokacin, ga gareji a wuyana, ga Inna da ba ta son ko Kano in kwana. Yadda na tunkare ta da maganar, da sharaɗin da Baba ya gindaya kafin ya yarda ya riƙe mini gareji, sai a kashi na 18, mako mai zuwa in Allah ya kai mu.