Rigimar lamba tara

Talata, Ibadan.

Mutumin kasuwar Bodija ya biya rabi. Sauran wai sai motar waken da ke hanya ta iso, kuma kun san wannan hanyar tasa ba ta ƙarewa. Na kira Alhaji a Dawanau, ya ce in karɓa in yi shiru. Amala da miyar ewedu a bakin kasuwa, azahar da la'asar a Sabo, unguwar Hausawa. Gwiwar nan ta soma halinta.

Abin da ya tsaya mini a rai yau talabijin ne.

Bayan isha'i na haye gado na ɗauki rimot. A jikin bango an liƙa takarda mai jerin tashoshi goma sha biyu: CNN, Al Jazeera, Channels, NTA, SuperSport har guda uku, Africa Magic Yoruba, wata ta kaɗe-kaɗe, Zee World, ta katun ɗin yara, sai wata ta wa'azin coci. Lamba huɗu, wato NTA, shuɗin allo ne kawai. Lamba goma hoto na rawa babu murya. Duk mai yawan kwana a otal ya san wannan jerin, kusan shi ne a Legas, shi ne a Fatakwal, ta Yarbancin kawai ake musanyawa da ta Ibo in an gangara gabas. A Kano kuwa, inda aka juya setilayit wajen Nilesat, Ka'aba za ka tarar kai tsaye da MBC 2, a Yamai Faransanci ya cika maka kunne.

Ban ce kada a sa ta Yarbanci a Ibadan ba, garinsu ne. Amma otal ɗin nan jifa ɗaya ne daga Sabo, kuma tun daga matakala nake jin Hausa a bakin baƙi. Africa Magic Hausa tana nan tun 2010, Arewa24 tun 2014. A rasa ko ɗaya?

Na buga wa wajen karɓar baƙi, aka turo mini wani saurayi da abin kwance noti a aljihun riga. Yana ganin hulata ya yi sallama.

"Alhaji, lafiya? Ba ya kamawa ne?"

Haifaffen Sabo ne, Hausarsa garau, sai ɗan karin harshen Yarbawa a ƙarshen zance. Kakansa cinikin goro ya kawo shi daga Kano. Unguwar ma tun 1916 aka keɓe ta, goro da shanu suka raya ta.

Na ce, "Ƙanena, Arewa24 nake so. Lamba 261 ce a DStv, ka danna mini kawai."

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, wannan rimot ɗin bai san 261 ba. Zo ka gani da idonka."

Na bi shi da silifas zuwa wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene. Zafi kamar gidan burodi, fanka na ta fama. Dikoda ce jere a kan kanta, wata bisa wata, kowacce an manna mata takarda da lamba. Ya ce kowace dikoda tasha ɗaya tak take fitarwa. Akwai wani akwati da ke tattara su duka ya zuba a waya guda, wayar ta zagaya ɗakuna. Rimot ɗin da ke hannunka yana yawo ne tsakanin waɗannan goma sha biyun, nan duniyarsa ta tsaya. Ƙara tasha ɗaya na nufin sabuwar dikoda da sabon kuɗin wata. Ta lamba huɗu ta ƙone tun wata tsawa da aka yi, manaja ya ce babu mai tambayarta.

"Ni ina tambayarta," in ji ni. "Labaran ƙarfe tara."

"To kai ne na farko, Alhaji."

Ya leƙa waje, ya rage murya. Ya ce zai juya mini lamba tara, ta kaɗe-kaɗen, amma in sani duk ɗakin da ke kan tara shi ma ya koma Hausa. Na ce ai alheri ne, su ma su ƙaru.

Na koma sama, ga ta nan tar. Na miƙe ƙafa, na tura wa uwargida saƙo cewa na samu. Ban yi minti goma ba allo ya ɗauke, sai ga koren fili da 'yan ƙwallo. Na zauna ina kallon ikon Allah. Jim kaɗan Hausa ta dawo. Mace ta buɗe baki za ta ba mijinta amsa, sai ƙwallo. Wannan karon ba ta sake dawowa ba.

Ya hau da kansa, yana sosa ƙeya. Daren gasar Zakarun Turai ne, wasanni da yawa a lokaci guda, kuma mutanen da ke mashayar ƙasa suna son na huɗu bayan ukun da ake nunawa. Manaja da kansa ya karɓe rimot ɗin.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Su suna ta sayen abin sha ne. Kai kuma ruwan gora ɗaya aka rubuta maka."

Na yi dariya har gwiwa ta amsa. Lissafin manaja daidai yake, ni ma ɗan kasuwa ne, in ni ne a kujerarsa haka zan yi. Na ba yaron na goro, ya ƙi, na matsa masa.

Da ya fita ne abin ya sauko mini. Ni fa ba mai bin wasan kwaikwayo ba ne, a gida ma rabinsa gyangyaɗi nake. Amma in ina kan hanya, su suna falo suna kallo, ni ina nan ina kallo, in an tafi talla sai uwargida ta kira mu yi gulmar 'yan wasan. Shi ke nan hirar. Ba maganar kuɗin makaranta, ba ta gas. Na san wani zai ce in buɗe a waya. Wayar da na wuni ina bin bashi da ita, ba na son ganin fuskarta da dare, kuma intanet ɗin ɗakin sai ka tsaya jikin taga.

Ta kira kuwa. "Ka ga abin da matar nan ta yi?" Na ce ban gani ba, ƙwallo aka sa mini. Auta ta fizge wayar ta shiga ba ni labari, ta fara daga ƙarshe ta koma tsakiya, sunaye duk a cakuɗe. Sai ta tsaya ta ce, "Baba, ai kai kullum ba ka gani." Uwarta ta ce mata kul. Yarinya ba ta nufin komai, barci ma take ji. Ni dai na daɗe zaune a bakin gado bayan sun kashe. Bikin saukar yayanta ma a waya aka nuna mini.

Daga ƙasa ihu ya tashi, an ci wani.

Yaron ya ce in zan dawo in zaɓi Litinin ko Juma'a, zai bar mini lamba tara har asuba. Na ce masa mutumin Bodija ne mai sa rana.

Gobe jirgin ƙasa daga tashar Moniya zuwa Legas, in Allah ya kai mu. Man zafin ya ƙare, wanda ke kusa da Hajiya ya tuna mata ta aiko da wani ta hannun direba.