Lahadi a Wusasa da jakar aiki

Ko kokon safe ban sha ba wayar dattijon wata majami'a ta Wusasa, a nan Zariya, ta shigo. Amfilifayarsu, wato na'urar ƙara murya, ta ɗauke tun daren jiya wajen gwajin waƙa, ga shi ƙarfe tara za su shiga sujada. Na ce, "Baba, yau fa nake hutawa." Ya ce, "Ɗana, hutunka ya faɗo ranar aikinmu, a taimaka." Na ɗaure jaka a bayan babur, na bar Tudun Wada, na bi ta Ɗanmagaji.

A bakin layin sun gitta benci da durom, samari biyu na duba masu shiga. Tun harin bam na watan Yunin 2012, da ya taɓa coci a nan Wusasa da babban cocin Katolika na Sabon Gari, haka ake yi duk Lahadi. Ɗaya ya buɗe jakata, ya ga wayoyi a cukurkuɗe da mita da batir, ya ɗago ya ga gemuna, sai jikinsa ya yi sanyi. Ban ga laifinsa ba. Mu ma ran Juma'a 'yan agaji ba sa barin kowa ya ajiye babur kusa da sahu. Baba ne ya hango ni ya ce, "Ku bar shi, mai gyaranmu ne."

Aikin bai taka kara ya karya ba. Fiyus ya ƙone, ɓera kuma ya ci wayar makirfo ta ƙarƙashin bagadi. Na feƙe, na liƙe da dalma, na naɗe da tef. Ina durƙushe matan zumunta suka fara shigowa da zane iri ɗaya, suna gaisawa, "Ina kwana, yaya gida, yaya mai jiki?" Duk wanda bai san Wusasa ba yakan ɗauka Kirista a Zariya baƙo ne daga Kudu. A nan Hausawa ne kaka da kakanni, da Hausa suke waƙa, da ita suke karanta Littafinsu, wanda aka buga cikakke tun 1932. Janar Gowon ma a unguwar nan ya tashi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar lasifikar waje. Baba ya ja ni gefe ya ce in hau in juya bakinta ta fuskanci fili, don limamin masallacin bayansu ya zo da kansa ya ce tana shiga musu har ɗakin karatun yara. Na hau na juya. Ya kuma ja kunnen yaron da ke riƙe da na'urar: in an kira azahar ba su tashi ba, a kashe ta waje, a bar ta ciki.

Ni da nake wannan sana'a na sani, ƙorafin da ya fi yawa tsakanin maƙwabta a garin nan ba na aƙida ba ne, na ƙara ne. Shekaranjiya a wani masallaci kwamiti suka ce in ƙure musu murya, wai ta wancan layin ta fi tasu tashi. Masu coci ma haka suke, kowa so yake a ji shi har Samaru. Na kan ce musu mara lafiya da jariri ba su san ta wace ce ke hana su barci ba. Wani ya ji, wani ya ce kuɗinsa ya saya.

Da suka fara sujada na fito, na ɗan tsaya gaban tsohon cocin St. Bartholomew na 1929, ginin ƙasa irin namu. Kullum yana tuna mini da Masallacin Juma'a na ƙofar fada da Babban Gwani ya gina wajajen 1830 da wani abu, wanda wani sashensa ya rufta kan masu sallah a watan Agustan 2023. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ranar, Baba na cikin waɗanda suka fara kirana su ji ko ina ciki.

Na yi azahar a masallacin bayan nasu, ban ji ko tari daga lasifikar ba. Da na koma karɓar kuɗi, wata Mama ta cusa mini shinkafa a leda, na ce na ƙoshi, ta ce ai ba ni ta ba wa ba, yara ta ba.

Fiyus ɗin da na sa na wucin gadi ne. Shagon Ibon da nake sayen kaya a Sabon Gari a kulle yake yau, sai gobe in Allah Ya kai mu in sayo na ƙwarai, in koma Wusasa kafin addu'arsu ta Laraba.