Inda na kai a koyon gyaran firij, da maganar nan ta "gas ya ƙare"

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyo, ya aiki ya zafi. Kwana biyu ban kawo muku inda aka kwana ba, tunda bazarar nan ta kankama shagon oganmu a Sabon Gari ba masaka tsinke, firij da firiza har bakin kwata, masu ƙanƙara da masu zoɓo da kunun aya kowa so yake a sallame shi yau ɗin nan. Inda na kai yanzu dai Alhamdulillah, oga ya fara barina in duba kaya ni kaɗai in faɗa masa abinda nake zargi kafin shi ya sa hannu. Walda ce har yanzu bai sakar min ba.

Kusan duk wanda ya sauke firij daga keke napep magana ɗaya ce a bakinsa, gas ya ƙare a sa min gas, tun kafin a jona a wuta ya gama yanke hukunci, kuma abin haushi wasu masu gyaran ma biye musu suke dan kuɗin gas ya fi kauri. Gas ɗin firij fa ba irin na girki bane da ake ƙonawa ya ƙare, a rufe yake cikin bututu yana zagaye, kwamfiresa wato injin firij ɗin ta matsa shi ya ɗau zafi ya bi ta baƙin ƙarfen nan na baya wato kwandensa ya huce ya zama ruwa, ya ratsa siririn bututu kafilari ya faɗa ifaforeta wato bututun da ke bada sanyi a cikin firij, ya kwashe zafin ciki ya koma tururi ya dawo kwamfiresa, haka zai ta yi shekara da shekaru. In har ya ragu toh akwai inda yake yoyo, wanda kuma ya ɗura sabo bai nemo ƙofar ya toshe ba kuɗin mutane kawai ya ci, ba da daɗewa ba za'a dawo masa da kayan.

Tsarin da oga ya ɗora ni a kai shine kar in taɓa bututu sai na gama da ɓangaren wuta kaf. Farko a auna soket. Wutar ƙasar nan bolt 230 ce a takarda amma ku da kuke Zariya kun san yadda take zuwa wasu layukan da yamma, sai ka sa mita ta nuna maka 170 ko ma ƙasa, kwamfiresa bata iya tashi a irin wannan, sai kaji tana gurnani na 'yan daƙiƙu sai kuma ƙas, obalod wato ɗan abin da ke kare ta daga jan wuta mai yawa ya yanke, ta huta minti biyu ko uku ta sake gwadawa. Irin wannan firij ɗin in aka kawo shago aka ba shi wutar janareta tsaf zai tashi ya yi sanyinsa, shi yasa yanzu tambayata ta farko ga mai kaya ita ce yaya wutar unguwarku take.

In wuta ta cika amma ƙas-ƙas ɗin nan bai daina ba sai a koma kan rile, ɗan abin da ke taimaka wa kwamfiresa ta tashi. Wata Hajiya daga Tudun Wada mai saida ƙanƙara ta kawo dif firizarta, tana zama tace "ɗana gas zaku sa min, wancan karon ma abinda aka yi kenan." Nace Hajiya a yi min haƙuri in ɗan duba tukunna. Na cire murfin gefen kwamfiresa na zaro rilen na kaɗa shi kusa da kunne sai naji cakacaka, farantin da ke ciki ya farfashe. Lafiyayyen rile irin wannan shiru zaka ji, kuma in ka auna shi yana sanyi zai baka ɗan om kaɗan (om shine awon yadda abu ke tare wuta), yawanci kusa da abinda aka rubuta a jikinsa kaman 22 ko 33. Aka sayo sabo nan cikin kasuwa aka sa, firiza ta tashi, ba a taɓa mata bututu ko ɗaya ba. Hajiya sai da ta sake tambayar oga, "wai Malam da gaske ba sai an sa gas ɗin ba?"

Tunda an cire rile ga ƙafafun kwamfiresa uku nan a fili, C da S da R, dan Allah ku saba da auna su kar ku ce sai oga. Tsakanin C da R shine mafi ƙanƙanta, C da S ya ɗan fi shi, S da R kuma ya zama jimillar biyun, misali ka samu 12 da 18 toh na ukun ya baka wajen 30. In ɗaya ya ƙi nuna komai waya ta tsinke a ciki. Sai kuma ka ɗora tsinken mita ɗaya a ƙafa ɗaya kuma a jikin ƙarfen kwamfiresar inda ka kankare fenti, nan bai kamata mita ta motsa ba sam, in ta motsa kwamfiresa ta ƙone tana zubar da wuta a jiki, irinta ce ke jan yara in sun taɓa firij da jiƙaƙƙen hannu. Duk wannan awon sai an zare filogi fa.

Wani abu da nake ta faɗa wa masu shaguna, in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take ko an juya zuwa janareta, a bar firij ya yi kaman minti biyar kafin a kunna, saboda gas ɗin gefen matsi bai gama saukowa ba, kwamfiresa zata yi ta ƙoƙarin tashi da kaya a kanta tana jan wuta mai yawa. Madannin jinkirin nan da ke jikin sitabilaiza da mutane ke kashewa dan yana ɓata musu lokaci, amfaninsa kenan.

Inda na fi daɗewa a 'yan kwanakin nan shine firij marasa tara ƙanƙara, masu fanka a ciki, kuma su ne aka fi zalunta da ɗurin gas na banza. Yadda ƙorafin ke zuwa kullum iri ɗaya ne, sama yana ɗan sanyi ƙasa kuwa ko ruwa baya sanyayawa. A irin waɗannan ifaforeta tana ɓoye ne bayan roba a can cikin firiza, fanka ce ke hura sanyin ta tura shi ƙasa ta wata hanya, kuma akwai hita a ƙarƙashinta da ke narkar da ƙanƙarar da ta taru duk bayan wasu awanni. In wannan narkarwar ta tsaya sai ƙanƙara ta toshe ifaforeta ta toshe hanyar iska har wani lokaci kaji fanka na karta ƙanƙara kar-kar-kar. Mai shi zai ce maka in ya kashe shi kwana ɗaya ya kunna sai ya gyaru na sati guda ya sake komawa, da naji wannan maganar na san inda zan dosa. Abu uku ake zargi, hita ko tayma mai kunna hitar in lokaci ya yi ko ɗan ƙaramin tamostat ɗin da ke maƙale a jikin bututun wanda ake ce wa bayimetal. Ita hita lissafinta mai sauƙi ne, 230 sau 230 a raba da wat ɗinta, mai wat 200 zata baka wajen om 264, in mita bata nuna komai ba ta tsinke. Tayma kuma ka sa sukundireba ka juya ta a hankali har kaji ta yi ƙas kwamfiresa ta tsaya, a nan hita ya kamata ta karɓa, in ka maƙala kilam mita, mai auna wutar da abu ke ja, zaka ga kusan am ɗaya. Shi bayimetal shi ne mai ruɗa sabon shiga, dan in ka auna shi a zafin ɗaki buɗe zaka same shi kuma haka lafiyayyensa yake, sai ya sha sanyi sosai yake haɗewa, dan haka sai ka jefa shi cikin wata firiza mai aiki ya daskare sannan ka auna. Sababbin yayi dai babu tayma, sensa ce da fanel wato allon lantarki mai sarrafa aikin, waɗannan har yanzu kallo nake.

Ƙananan abubuwa kuma da bai kamata a ce an kawo shago saboda su ba: ƙurar hunturu da ta lulluɓe kwandensa tun Disamba ba a share ba, firij da aka manna da bango, robar ƙofa da ta saki wadda in ka matse takardar kuɗi a ƙofar ka ja zata fito salin alin, da ramin fitar ruwa da ya toshe ruwa yana kwanciya a ƙasan akwatin kayan miya.

Sai batun na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Ku riƙa karanta takardar nan da ke manne a ciki ko a baya, akwai wajen da aka rubuta SN ko N ko ST ko T. SN da N an yi su ne dan wajen da zafi bai wuce 32 ba, ST zuwa 38, T kuma zuwa 43. Yanzu a ɗauki mai N a ajiye a shagon kwano a Kwangila cikin watan Afrilu da zafi ke kai wa kusan 40, dole kwamfiresa ta yini bata huta ba kuma sanyin ba zai kai ba, ba abinda ya lalace a jikinsa, ba'a yi shi dan nan bane kawai. Ni a ganina gara a faɗa wa mai shi gaskiya ya nema masa waje mai iska da a yi ta karɓar kuɗinsa.

Toh yaushe ne gas ɗin ne da gaske? In kwamfiresa na aiki ba tsayawa, kwandensa ba ɗumi, am ya yi ƙasa da yadda ya kamata, ƙanƙara kuma ta kama ɗan lungu ɗaya kawai na ifaforeta. Kuma sau da yawa in ka leƙa zaka ga tabon wuƙa, an zo ɓamɓaro nama ko ƙanƙara an huda. Ruwan kumfa muke shafawa a mahaɗa da inda ake zargi mu ga inda zai yi ƙwai. A nan ma sai an karanta takarda, gas ɗin kala-kala ne, R134a daban R600a daban, man kwamfiresarsu ma ba ɗaya bane, ba'a cakuɗa su. Tsohon R12 an daina da shi sakamakon yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Shi R600a yana kama wuta, dan haka oga baya kunna wutar walda sai an fitar da shi gaba ɗaya a waje mai iska, kuma da sikeli yake ɗura shi giram giram yadda aka rubuta dan ɗan kaɗan ne, ƙari kaɗan yana ɓata aikin. Duk sanda aka buɗe bututu sai ya canza draya wato matacin da ke tsotse damshi ya kuma zuƙe iska da inji, masu tsallake wannan su ne firij ɗinsu zai yi sanyi na awa ɗaya ya ɗauke, damshi ya daskare a bakin kafilari.

Na kuma samu ganin cikin injin wanke kwanuka, abinda ba kasafai ake samu a garin nan ba. Wani malami ne a Samaru ya dawo da shi daga karatu waje, ƙirar Bosch, ya kira oga muka je. Yana nuna E15 famfonsa na ta ƙugi ko an kashe, ma'anar lambar ruwa ya sauka a tiren ƙasa ya ɗaga ɗan abin da ke yawo a kai ya yanke aiki. Da oga ya tambayi uwargida wane sabulu ake sawa sai tace na ruwa na wanke-wanke, dan nasa ya ƙare kuma ba'a samu a kusa ba. Kumfar ce ta yi ambaliya ta gangara ƙasa. Muka zare wuta muka buɗe muka tsane da soso, na ciro matacin ƙasa cike da shinkafa da ƙayar kifi na wanke, na bi ƙofofin hannayen feshi da tsinke. Bayan nan sai ga wata matsalar, ruwa baya shiga da ƙarfi. Tankin gidan bai fi mita uku zuwa huɗu a sama da injin ba, kuma duk tsayin mita 10 ne ke bada matsin ruwa "bar" ɗaya, shi kuwa littafinsa rabin "bar" yake nema a ƙalla wato mita 5, ga ɗan ragar bakin tiyo ta cika da yashin burtsatse. Oga yace "ranka ya daɗe injinka ƙalau yake, ƙaramin famfon ƙara ƙarfi zaka sa a layin, sabulun kuma a nemo nasa ko daga Kaduna ne."

Yanzu akwai wani firij mai kwamfiresa inbata, wato mai ƙara gudu da ragewa gwargwadon buƙata, a shago yana jiran fanel. Abinda na riƙe a kansa zuwa yanzu, ƙafafun kwamfiresarsa uku awonsu daidai yake da juna ba kaman na gargajiya ba, bashi da rile, kuma ba'a taɓa jona shi kai tsaye a wuta dan gwaji. Wanda ya taɓa aiki a kan fanel ɗin irinsa a cikinku dan Allah ya faɗa min ta inda yake fara awo. Sati mai zuwa in Allah ya kaimu oga yace zai bani tsohon kwandensa da guntayen bututun tagulla in fara gwada hannuna a walda.