Yadda f/22 ta cinye mini tafiyar Gurara

Ranar Asabar da la'asar muka hau Dutsen Dala da ɗan ƙanwata, yana rataye da sabuwar kyamara. Kano ta shimfiɗu a ƙasanmu, ga Goron Dutse can gefe. Na leƙa allonsa na ga ya matse ƙofar haske har f/22, fokas kuma ya jefa shi can inda gari ya haɗu da sama. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Kawu, ai in lambar ta yi girma komai fitowa yake tar." Gabana ya faɗi, don da wannan maganar na taɓa cutar kaina.

Shekarun baya na je Gurara, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu a Jihar Neja, a ƙarshen damina, ruwa na zubowa da ƙarfinsa, feshinsa har fuskata. Kuɗin mota ma rance na ci. Wuni guda ina ɗauka a f/22, kyamara a hannu, ba mariƙi mai ƙafa uku. A ƙaramin allo komai ya yi kyau. Sai da na buɗe a kwamfuta na ga duwatsun gabana sun yi dishi-dishi, ganyen bishiyoyi ya cakuɗe kamar an shafa masa mai. Ko guda ban iya wankewa ba.

Wani lokaci nakan ce ba laifina ba ne, ba wanda ya zaunar da ni, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zancen: matse ƙofa na ƙara zurfin abin da ke fitowa. Abin da ban sani ba, haske in ya ratsa ƙofa ƙanƙanuwa bazuwa yake, sai kaifin hoton duka ya dushe. Sannan daga f/8 zuwa f/22 lokacin ɗauka na ninkuwa sau 8, abin da zai ɗauku a 1/250 na daƙiƙa ya koma 1/30, hannu kuwa sai ya motsa. Amma gaskiya laifina ne. Wani dattijon mai hoto ya ce in gwada in kwatanta, na ga kamar na wuce nan.

Na so in jero wa yaron abubuwa goma, uku kawai suka fito. Tsaya a f/8 ko f/11. Daina jefa fokas ƙarshen duniya; da gilashinka na 18mm a f/8, kama abin da ke kamar mita 2 ko 3 gabanka, daga nan har nesa zai fito. Ɗora kyamara a kan mariƙi ko dutse, ka sa jinkirin daƙiƙa 2.

Na ce kada ya kuskura ya wuce f/11, sai kuma na ce in akwai abu dab da ƙafarsa ya kai f/16. Ya ce, "To wanne ke nan, Kawu?" Duka biyun! Ku yaran yanzu lamba ɗaya kuke so a ba ku ku haddace. Ba mai haƙurin ɗaukar wuri ɗaya sau uku ya faɗaɗa hoton ya duba kusurwoyi. In hazon hunturu ya rufe nesa, ba saitin da zai cece ku, sai ku ɗora wa kyamara laifi.

Ya mayar f/8, ya ɗauka sau ɗaya. Kafin in ce ya faɗaɗa mu gani, har ya tura hoton wayarsa yana neman inda sabis ke kamawa.