Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar Likita da Tambayoyin Kurame

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya karɓe ni a rumfarsa ta dukanci a Marwa, arewacin Kamaru, ya miƙa mini basilla da wuƙar yankan fata. Yau zan ɗan ajiye zancen sana'a in taɓo wata tambaya da baƙi suke yi wa Kawu a gabana har yanzu, kamar ba na wurin: "Wai kurumtarsa ta kai ina?"

Kun riga kun san sanƙarau ne ya kwantar da ni a bazarar 1996, ina ɗan shekara tara. Annobar wancan lokaci, tsakanin 1996 da 1997, ta kama mutum fiye da 250,000 a wannan yanki na Afirka, ta kashe kimanin 25,000, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai irina da yawa. Sabuwar allurar rigakafin da ta karya lagon cutar ba ta iso arewacin Kamaru da Cadi ba sai 2011. Na tashi kunne a toshe, amma harshe bai tafi ba, domin na riga na iya Hausar gida, da Fulatancin unguwa, da ɗan Faransancin da na kwaso a makaranta.

Sai mutanen unguwa suka yanke hukunci cewa yaron da yake magana ba kurma ba ne. In an kira ni daga baya ban juyo ba, a ce kunnen ƙashi ne. Gwaggo, Allah ya ji ƙanta, ta ɗauka ɗaga murya ne maganin abin, sai ta kamo kunnena ta kwarara magana a ciki, ni kuwa da zarar ban ga baki ba, ko kalma ɗaya ba na tsinta. Inna ba ta taɓa kirana kurma ba a shekarun nan. "Ɗan nauyin kunne ne," haka take gaya wa baƙi. Ban ga laifinta ba. Tana tsoron ranar da zan nemi aure a ce ba a ba kurma.

Abin da ba su sani ba shi ne wahalar karanta baki. Ku tsaya gaban madubi ku ce "baba", sannan ku ce "mama". Leɓe iri ɗaya ne. K da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya kai wa. Karin sautin Hausa kuwa, hawa da saukar murya da ke raba kukan yaro da kukar miya, ba a ganinsa sam. Ga mai gashin baki, ga mai taunar goro, ga mai magana da dare babu fitila, ga wanda zai fara da Fulatanci ya koma Hausa a tsakiyar zance ba tare da na sani ba. Rabin abin da ake cewa na "ji", cankarsa nake yi. In na canka daidai, a ce ai yana ji. In na kuskure, a ce ya raina mutane.

A 2013 na tafi Garwa aka auna mini kunne a wani asibiti, domin neman katin naƙasassu da dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanada. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, aka ɗaura mini abin sauraro a kunnuwa biyu, ma'aikacin ya nuna mini da hannu: duk lokacin da ka ji wani abu, ɗaga yatsa. Na zauna ina kallonsa ta gilashi yana murɗa na'ura. A kunnen dama ban ɗaga ba sai can ƙarshe, kuma ko a nan ba sauti na ji ba, rawar abin ce a ƙashin kaina. A hagu na ɗan ɗaga. Ya zana ƙananan da'irori da jan biro na dama, alamar giciye da shuɗi na hagu, duka sun zube can ƙasan takarda. Dama 105, hagu 85.

Ma'aunin sunansa desibel. Raɗa tana wajen 30, hira tsakanin mutum biyu wajen 60, babur in ya wuce kusa da kai wajen 90. Ma'ana, kunnena na hagu, wanda ya fi ɗan ji, ba ya fara ji sai abin da ya kusa ƙarar babur. Likitan ya bi rabon da ake koyarwa a ƙasashen Faransanci: 21 zuwa 40 ƙarami, 41 zuwa 70 matsakaici, 71 zuwa 90 mai tsanani, daga 91 mai zurfi. Ya rubuta hagu mai tsanani, dama mai zurfi. Bayan shekaru, a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata rabon, inda 80 zuwa 95 ya zama mai zurfi, daga 95 kuma cikakkiyar kurumta. Kunnena bai sake ba, amma sunansa ya hau mataki ɗaya a kowane ɓangare. Takardar tana da amfani, ba na musu. Da ita na samu kati, da ita na rufe bakin masu cewa kunnen ƙashi. Amma ba ta ce komai a kan wane ne ni ba.

Na dawo Marwa da ita a aljihu, na nufi wurin mai shayin da kurame suke taruwa bayan la'asar, ƙarƙashin darbejiya, kusa da kasuwa. Na buɗe ta a kan benci da alfahari. Aka miƙa ta hannu zuwa hannu, wani ya juya ta sama da ƙasa, aka maido mini. Wani dattijo mai gyaran keke, wanda aka haife shi kurma, ya taɓa gwiwata don in dube shi, ya yi mini tambayoyinsa da hannu. Haihuwa ne ko ciwo? Kana da shekara nawa? A ina ka koyi hannu? Akwai kurma a gidanku? Ko sau ɗaya bai tambayi lamba ba.

A wurin nan na ga yadda kowa yake auna nasa. Wani ya nuna kunne ya kaɗa hannu: babu komai. Wani ya ce tsawa kaɗai yake ji. Wani ya dafa ƙirji, ya ce ganga a nan take shigarsa. Ni na ce in na tsaya dab da lasifikar masallaci ina jin kiran salla kamar gunji, amma ba na rarrabe kalmomi, kuma a sahu da motsin na kusa da ni nake bin liman. Suka gane nan take, abin da na kasa fahimtar da 'yan gidanmu shekara da shekaru.

Amma kada ku ɗauka an rungume ni a ranar. A maganar hannu ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ta zo aka gauraya ta da Faransanci, alamar "mai ji" a baki ake yin ta, yatsa yana juyawa gaban leɓe. Wato mai ji shi ne mai magana. Ni kuma sun gan ni ina ciniki da baki a rumfar Kawu. Samarin da suka yi makarantar kurame suka daɗe suna nuna ni da wannan alama, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai, ya fi na Gwaggo. A gida ban cika mai ji ba, a nan kuma ban cika kurma ba. Su kansu ba kansu haɗe yake ba: 'yan makaranta suna ganin hannun dattawa na ƙauye ne, alhali dattawan nan da nasu hannun, wanda ya tsiro a nan yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, suke ciniki da aure da sasanta rigima tun kafin a buɗe aji ko ɗaya.

Wani malami kurma daga Njamena ne ya sauke mini nauyin, da ya ba mu labarin Andrew Foster. Baƙin Ba'amurke ne, na farko a cikin baƙaƙe da ya kammala digiri a Gallaudet, jami'ar kurame ta birnin Washington, a 1954. Ya fara buɗe makaranta a Gana a 1957, ya ci gaba har makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, da Cadi da Kamaru a ciki, kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Shi ya kawo hannun da samarin nan suke taƙama da shi. Kuma ba a haife shi kurma ba. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya ɗauke masa ji. Na dubi samarin, ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Tun daga nan na daina jayayya da kowa a kan sunan da ya zaɓa wa kansa. A cikinmu akwai saurayin da yake jin hira in ya sa na'urar ƙara ji, amma iyayensa duka kurame ne, hannu ne harshensa na farko, kuma in ka kira shi mai nauyin kunne ka zage shi. Akwai tsohon direban da kunnensa ya mutu murus bayan ya haura hamsin, shi kuwa ya ce shi ba kurma ba ne, mai ji ne da kunne ya lalace. A takarda direban ya fi saurayin kurumta nesa ba kusa ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka zancen "bebe": dattawa da yawa ba sa ganin aibun sunan, a Kano ma har "maganar bebaye" ake cewa, amma matasa sun ƙi shi, kuma ina tare da su, domin mutumin da zai kwana yana ba ka labari da hannu ba a ce ba shi da magana. "Mai lalurar ji" da 'yan jarida suke rubutawa ladabi ne, na gode musu, sai dai ni ba na kiran kaina haka. In baƙo ya shigo rumfa nakan ce masa: "Ni kurma ne, amma ina magana. Ka dube ni, ka yi a hankali, kada ka ɗaga murya."

Dattijon mai gyaran keke ne ya raɗa mini suna da hannu, kamar yadda kurame suke yi wa wanda suka karɓa: yatsa yana huda tafin hannu, wato basilla. Da shi ake kirana daga Marwa har Kusuri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da Kawu da Baba suka ɗauki goro suka tafi nema mini aure, da abin da Inna ta gaya wa uwar yarinyar.