Aikin da ake binnewa: ni da sokawen gwamnati

Ni ƙaramin kamfani gare ni, irin wanda ofishinsa shago ɗaya ne da tebur da kabad ɗin takardu, birkiloli da leburori kuma sai aiki ya samu nake kiransu a waya. Yawancin aikinmu na ƙarƙashin ƙasa ne, tankin shadda, sokawe, chamba (ɗan ramin duba fayif), da shimfiɗa fayif daga banɗaki zuwa rami. Mutane da sun ji ance ka samu kwangilar gwamnati shikenan a wurinsu ka haye, ƴan uwa su fara turo maka katin biki, wani ma ya zo neman rance tun ba a haƙa ko taku ɗaya ba.

Kafin ma a kalli takardarka sai kana da rajistar CAC da shaidar biyan haraji ta shekara 3, in aikin tarayya ne kuma a ƙara maka da na hukumar fansho PenCom da asusun horar da ma'aikata ITF da asusun inshorar ma'aikata NSITF da rajistar hukumar tantance kwangila BPP, kowacce da kuɗinta kuma yawanci shekara na ƙarewa sai ka sabunta. Dokar bada kwangila ta tarayya ta 2007 da farko kashi 15 cikin 100 ta yarda a ba ɗan kwangila na kafin alƙalami, gyaran da aka yi a 2020 ya kai shi kashi 30, jihohi kuma kowacce da tata dokar da ofishinta na tantancewa. Amma kafin alƙalamin nan ba haka kawai ake miƙo maka ba, sai ka kawo garanti daga banki ko kamfanin inshora, su kuma ba don Allah suke yi ba. Sauran abubuwan da ke faruwa tsakanin tebur da tebur kuwa a bar kaza cikin gashinta.

Aikin da zan ba da labarinsa gidajen ma'aikata ne na wani ƙaramin asibiti a wani gari da ke bakin fadama, ba zan faɗi jiha ba balle ma'aikata. An riga an yi ginin, mu namu shi ne kowane gida a yi masa tanki da sokawe a haɗa masa fayif. Aka ba mu zane da takardar ƙididdigar aiki, ina buɗewa na gane zanen, shi ne dai wanda na taɓa gani a wani aikin a can wata ƙaramar hukuma mai jar ƙasa da marmara, sunan gari kawai aka canja a ƙasan takardar. Kuma wallahi wannan ita ce babbar matsalar aikin nan, zane ɗaya ake bugawa a ofis a raba wa jiha gaba ɗaya, alhali ƙasa ba ɗaya ba ce. A Jos dutse za ka tarar sai ka nemo injin fasawa, wajen Haɗeja ruwa na nan kusa da kai, a wasu sassan Borno da Adamawa baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani ta fasa maka gini, wani wurin kuma rairayi ne zalla kana haƙa yana rufta maka.

Mutane duk sokawe suke ce wa abin amma gini biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Tankin shi ba a so ko ɗigo ya fita ta jikinsa, bulo mai inci 9 ake sawa a cika ramukan da kankare a yi filasta ciki da simintin hana yoyo. Ɗaki biyu ne a ciki, na farko ya kai kamar kashi 2 cikin 3 na tsawon, nan ƙazanta mai nauyi ke kwantawa ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar iska suna cin ta a hankali, ruwan tsakiya ne kawai ke tsallakawa ɗaki na biyu daga nan ya wuce sokawe. Shi kuma sokawe so ake ya yi yoyo, shi ya sa ake jera bulonsa da tazara ba filasta, a zuba tsakuwa a bayansa, ƙasa ta shanye ruwan ta tace shi. Bakin shiga sai ya ɗara bakin fita tsayi da kamar inci 3, kuma kowanne da fayif mai siffar T da ke nutsewa cikin ruwan, in ba haka ba kumfar nan ta sama za ta bi ta tafi sokawe ta toshe ƙofofin ƙasar, shekara kaɗan ka ji ana cewa sokawe ya cika alhali ba cika ya yi ba, toshewa ya yi. Wannan T ɗin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma shi ake fara cirewa in ana son a rage kashe kuɗi, don an san ba mai leƙawa.

To mu dai kafin mu sa diga muna haƙa ɗan ramin gwaji mu cika shi da ruwa mu ga yadda ƙasa ke sha. A wurin nan da muka dawo washegari ruwan yana nan kusan inda muka bar shi, yumɓu ne mai danƙo yana kama shebur. Muka ce bari mu ga zurfi, leburori na kaiwa daidai ƙirji sai ga ruwa na tsattsafowa ta gefe, zanen kuwa cewa ya yi a yi zurfin da ya ninka haka. Waɗanda suka zo duba filin da rani suka zo, lokacin ruwa ya yi ƙasa, kuɗin kafin alƙalami kuma bai fito ba sai da damina ta kankama, haka abin yake kusan kullum. Sannan ga rijiyar unguwa a bayan katanga, mata na jan ruwa tun asuba, inda zanen ya ajiye sokawen gida na ƙarshe bai fi ƴan taku ba tsakaninsa da ita, alhali abin da aka saba bi shi ne a ba da tazarar kamar mita 30, wato ƙafa 100, kuma sokawe ya kasance ta gangare ba ta saman rijiya ba. Duk wanda ya ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Bauchi da Kano da Jigawa a 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tsohon birkilana, Baba muke ce masa don ya girmi mahaifina a sana'ar, ya tsaya bakin ramin ya daɗe yana kallo sannan ya ce Alhaji in ka gina wannan yadda takarda ta ce rijiya ka gina musu ba sokawe ba, ruwan ƙasa ne zai cika shi kafin su fara shiga banɗakin. Na kira injiniyan da ke kula da aikin, ya zo ya gani da idonsa, ya ce ɗan kwangila ka bi zane kawai, abin da aka amince da shi kenan. Na ce ranka ya daɗe zan bi, amma don Allah ga littafin saiti ka rubuta min cewa ka ga ruwa ka ga rijiya ka ce in ci gaba, ka sa hannu da kwanan wata. Ya yi dariya ya ce kai Alhaji ka cika wayo, bai rubuta ba. Ni ban ga laifinsa sosai ba, shi ma yana da na sama da shi, kuma duk canjin da zai ƙara kuɗi sai fayil ya zagaya ofis ofis, ba mai son a ce shi ya tayar da shi. Amma ni na san in abu ya lalace ba za a ce zane ba ne, cewa za a yi ɗan kwangila ya ci kuɗi ya yi aikin banza, sunan kamfanina ne a allon da ke bakin ƙofa.

Sai na rubuta wasiƙa da hotuna, ramin da ruwa a ciki da tef a tsaye yana nuna zurfi, da hoton rijiyar, na kai aka buga min hatimin karɓa a kwafina. Muka zauna jira, leburori suka watse zuwa gona, ni kuma ina biyan maigadi yana gadin yashi da tsakuwa. Da amsa ta fito an yarda da canjin tsari amma ba a yarda da duk ƙarin kuɗin ba, wani ɓangare kawai.

Abin da muka yi shi ne tankin muka rage masa zurfi muka ƙara masa tsawo da faɗi don ya ɗauki abin da aka tsara masa, ƙasansa kankare da rodi, muna aiki fam na jan ruwa da jannareto, gefen ramin kuma mun tokare da katako don laka in ta jiƙa ba ta sallama kafin ta rufto. Muna gama filasta ta kama muka cika shi da ruwa muka yi alama da alli a bango, kwana ɗaya muka dawo muka duba ko ya ragu, kuma ba mu kwashe ruwan ba muka mayar da ƙasa, saboda tanki fanko a wuri mai ruwa ƙasa na iya matse shi ta tsaga bango ko ma ta ɗago shi. Maimakon sokawe mai zurfi kuma sai muka ja dogayen ramuka marasa zurfi can ɓangaren da ya fi tudu nesa da rijiyar, muka shimfiɗa tsakuwa muka ɗora fayif mai huda-huda muka rufe, ruwan ya riƙa bazuwa a saman ƙasa mai ɗan sha maimakon ya nutse cikin ruwan da mutane ke ja. Fayif mai inci 4 daga gidajen kuwa falamba ya sha faɗa da ni a kan gangara, don in ta yi kaɗan abu ya tsaya, in ta yi yawa ruwa ya gudu ya bar kaya a hanya, kamar kwatan inci a kowace ƙafa muke bi, kuma duk inda fayif ya yi kwana sai an sa chamba. Dakin ɗin sama, wato rufin kankaren tankin, kwaɓin 1:2:4 ne na siminti da yashi da tsakuwa, ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla mako guda, kuma na hana kowa ɗora masa nauyi don kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

Maganar biya kuma, hmm. Injiniya ya auna ya rubuta satifiket, satifiket ya zama bauca, bauca ta shiga layi. In alat ya shigo za ka ga ba adadin da ke takarda ba ne, an cire harajin da ake cirewa tun daga tushe, lissafin VAT na kashi 7.5 shi ma ba ya biyowa ta hannunka, sannan an riƙe kashi 5 na ritenshan sai bayan wata 6 in ba abin da ya lalace. Duk wannan an san da shi ana sa shi a lissafi. Wanda ba ka iya sawa a lissafi shi ne farashi, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tifar yashi ya tashi, siminti kuma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kai kuma farashin da ka sa hannu a kai tun bara shi ne dai. Nan ne ake gane masu rage rodi da masu sayen bulon da kana ɗagawa yana marmashewa, ba wai ina kare su ba ne amma na san ta inda abin ke farawa.

Ranar buɗe gidajen an zo da motoci an yanka kyalle an shiga an duba fenti da tayil, ba wanda ya zagaya baya. Ni dai na samu ma'aikatan da za su zauna na roƙe su, don Allah ban da famfas da audugar mata da leda a masai, ban da zuba kalanzir ko gishiri ko kabayid wai don ramin ya ja, kashe ƙwayoyin da ke cin ƙazantar kawai suke yi. Duk bayan ƴan shekaru a kira mota ko ƴan gidan kowa da akwai su kwashe, kuma ko waya ce ta faɗa ciki kada wanda ya shiga, iskar ciki kashe mutum take yi nan take, sau da yawa har da wanda ya bi shi ceto. Na zana musu taswirar inda komai yake a takarda na ba mai kula da asibitin don kada gobe tankar ruwa ta zo ta faka a kan dakin ɗin. Murafen kuma tuni na daina sa na ƙarfe ko da zane ya ce haka, ƴan jari bola ba sa barinsu su kwana biyu, na kankare muke zubawa da ɗan marikin rodi a nutse a ciki, mutum biyu ke ɗaga shi. Wannan ma sai da na rubuta wasiƙa kafin aka yarda.