Yadda na kasafta kuɗin faɗaɗa ma'ajiyar bayanai ta gida

Akwatin NAS ɗin da nake amfani da shi a gida (na'urar ajiyar fayiloli da sauran na'urorin gidan ke shiga ta layin sadarwa) mai ramin faifai biyu ne, kowane faifai terabait 4, a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya sai a kwafa shi a ɗayan. Terabait 4 ɗin ke nan kawai nake mora. Da ya kusa cika, zaɓi biyu ne a gabana: in sayi manyan faifai in zuba a tsohon akwatin, ko in sayi sabo mai rami huɗu.

Kafin in duba farashin komai, sai da na raba abin da ke ciki gida biyu. Akwai wanda in ya salwanta ya tafi ke nan: hotunan iyali, bidiyon yara, takardun aiki. Akwai kuma wanda zan iya sake saukowa daga intanet ko da zai ci lokaci. Kashin farko bai kai terabait 1 ba. Wannan lissafin ne ya tsara mini kasafin gaba ɗaya.

Kuɗin farko bai ma shiga akwatin ba. RAID yana kare mutum ne daga mutuwar faifai kawai. In ka goge fayil bisa kuskure, ko manhajar masu garkuwa da bayanai ta kulle shi, faifan biyu za su ɗauki ɓarnar tare, nan take. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Don haka na fara da faifan waje mai USB wanda nake ajiyewa a wani gida, na kuma biya kuɗin ajiya ta intanet daidai girman kashin farkon nan.

Sai faifai, inda mafi yawan kuɗin ya tafi, kuma a ganina nan ne bai kamata a yi rowa ba. Faifai iri biyu ne ta fuskar rubutu, CMR da SMR. Na CMR yana jera layukan bayanai gefe da gefe ba tare da sun hau juna ba. Na SMR kuwa yana jera layukan bayanai suna hawa kan juna don a samu ƙarin wuri, shi ya sa yake da arha, amma yana jan ƙafa sosai in rubutu ya yi yawa, kamar lokacin da akwati ke sake gina RAID bayan an canza faifai. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red, waɗanda kamfanin Western Digital ke yi don NAS, na SMR ne, daga baya kamfanin ya fito da sunan Red Plus don na CMR. Na duba takardar bayanin kowane faifai da idona kafin in biya. Wajen kwatanta farashi kuwa, ina raba kuɗin da yawan terabait ne, domin faifan da ya fi tsada a ido sau da yawa shi ya fi sauƙi a kowane terabait. Na ɗauki guda biyu masu terabait 8. Kowanne yakan nuna kusan 7.3 a kwamfuta, saboda kamfanoni suna ƙirga da 1000, kwamfuta kuma da 1024.

Sabon akwati da layin sadarwa mai gudun gigabit 10 su suka fi jan hankalina, su kuma na ƙyale. Layin gigabit 1 yana ɗaukar kusan megabait 110 a daƙiƙa, kuma faifai ɗaya na zamani ya wuce hakan, to layin ne ke riƙe da gudun, ba akwatin ba. Hawa gigabit 10 na nufin sabon katin haɗa layi, sabuwar na'urar rarraba layi, wataƙila har da sabon kebul, alhali yawancin na'urorin gidan ta Wi-Fi suke shiga. Mai tace bidiyo kai tsaye daga NAS, lissafinsa dabam ne, haka ma mai son manhajojin kallon bidiyo irin su Plex ko Jellyfin su riƙa sauya tsarin bidiyo ga mutane da yawa lokaci guda. Ni ba na cikinsu. Haka na tsallake ƙarin SSD (ma'ajiyar da ta fi faifai sauri) na hanzarta aiki, tunda manyan fayilolin da ake karantawa jefi-jefi ba sa amfana da shi sosai.

Ragowar kuɗin na sa a UPS, wato batirin riƙe wuta, mai kebul na USB, wanda ke sanar da akwatin ya kashe kansa cikin tsari in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu.

Ranar canji, sai da na tabbatar zan iya dawo da fayiloli daga faifan waje, na buɗe hotuna da dama na gani, sannan na cire tsohon faifai ɗaya. Na bar akwatin ya gama kwafa a kan sabon kafin in taɓa na biyun, domin a wannan tsakanin faifai ɗaya tak ke ɗauke da komai. Tsofaffin biyun ban sayar ba. Na sa su a akwatin USB, su ne kwafin da nake sabuntawa duk wata.